Tsohon Fasfon Ummi

Ƙofar Dumi, Bauchi.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina yi miki gaisuwa irin ta uba, da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mutanen gidan da suka sauke ki a Abuja. Allah ya tsare min ke a garin da ba naki ba, ya tsare ki a titi, ya tsare ki a layi, ya haɗa ki da masu sauƙin kai. Mu nan lafiya lau. Yaranki ma lafiya, mijinki kullum sai ya biyo daga Tirwun ya duba su. Labarin gida ke nan, kuma ba shi ya zaunar da ni ba.

Innarki ce ke riƙe da biro, ni ke faɗa. Na ce mata ta rubuta yadda ya fito daga bakina, kada ta gyara min magana, don firamaren da ta yi bai ba ta ikon tace ni ba. In kin ga wani wuri ya yi laushi, to hannunta ne. Ta riga ta yi miki albishir a waya, har ina jiyo muryarki daga inda nake zaune. Sauran maganar kuwa da gangan na ƙi yinta a waya, domin na san halinki. "To Baba, to Baba," ki kashe, ba ki riƙe ko ɗaya ba. Takarda kuwa tana nan cikin jakarki, ba inda za ta.

Abin da ke naɗe cikin ledar nan tsohon fasfonki ne, wanda aka datse wa gefe. Tunda ba a ba ki labarin duka ba, ga yadda aka yi. Ranar da kika karɓo sabo kika biyo nan gida, kika bar tsohon a kan tabarma kamar ɓawon gyaɗa. Innarki ta ɗauka, ta buɗe, ta ga Larabcin bizar Umrarki, sai ta jefa shi cikin kwandon nan da ke rataye bayan ƙofa, inda take tara duk wata takarda mai Larabci, in ya cika a kai wa Malam Ɗahiru na makarantar allo ya binne. Ina kujerata ina kallo. Tana shiga madafi na tashi na ciro shi, na sa a aljihun babbar rigata ta Sallah, can ƙasan akwati. Ban gaya wa kowa ba, saboda ba wanda ya tambaye ni.

Da maganar tafiyar nan ta taso, sai na ga ana ɗaga katifu ana zazzage jakunkuna, ina shigowa a yi tsit. Na tambaya, kuka ce ɗan kunne ake nema. Ɗan kunne a cikin buhun tsofaffin littattafan makaranta. Na ce to, Allah ya bayyana. Kika tafi abinki. Jiya da safe na ga innarki ta tasa ƙosai a gaba har ya huce, na ce, "Hajiya, wa ya rasu?"

Ta ce, "Ba kowa, Alhaji."

Na ce, "Tun da na auro ki ban taɓa ganin ƙosai ya yi sanyi a gabanki ba. Faɗa min."

Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni na kashe wa yarinyar nan tafiya. Tsohon fasfonta na sa a kwando, an kai wa Malam tun bara. Duk shaidar tafiye-tafiyenta tana ciki. Yanzu wai wani ejan can Abuja ya ce zai samo mata hatimai ya cike gurbin."

Na ce, "Shi ne ba a gaya min ba?"

Ta ce, "Mun ce kada a taɓo maka ciwonka."

Na shiga ɗaki, na ɗauko, na ajiye mata kusa da farantin. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Kai dai Alhaji, Allah ya shirye ka." Godiyar da na samu ke nan. Amma ta cinye ƙosan, da nawa ma.

Ummi, sunan mahaifiyata kika ci, shi ya sa ban iya yi miki faɗa yadda ya kamata. Amma ki ji, kin san abin da ke rataye a kan tafiyar nan. Yayarki ta daɗe tana roƙon Allah haihuwa, yanzu ya kawo, watanta ya matso, tana can ƙasar sanyi ba uwa ba ƙanwa. Ba mai ɗora mata ruwan wanka, ba mai dama mata kunun kanwa, ba wanda za ta miƙa wa jariri ta ɗan runtsa. Innarki gwiwa ta takura mata, fasfonta kuma fari fat, bai taɓa shaƙar iskar wata ƙasa ba. Ni an riga an koro ni. Ke kaɗai kika rage, ga shi kuma ke ungozoma ce. In suka hana ki bizar ziyarar nan, yarinyar za ta haihu cikin baƙi. Don haka ki zauna ki ji yadda ubanki ya ɓata tasa, tunda ni kaɗai ne a gidan nan na taɓa tsayawa gaban gilashin nan na ofishin biza, ko da yake ba a ga ya kamata a nemi shawarata ba.

Na farko dai, fuskata ce ta cuce ni. Kafin in zauna a rumfata ta wake a kasuwar Muda Lawal, kin san manyan motoci nake bi. Na kai wake Damagaram na ɗauko kanwa. Na sha zuwa Garwa da Marwa. Na ɗauko busasshen kifi a Chadi, na yi saron goro a Kumasi. A wancan lokacin, a wurinmu 'yan hanya, buga hatimi alama ce ta ba a san ka ba. Sabon shiga ne ke bin layi a rana da ɗan littafinsa a hannu. Mu kuwa da muka tsufa a hanya sai mu sauka, mu gaisa, mu zauna gindin bishiya muna shan shayi har a gama da su. A kan iyakar da muke bi zuwa Garwa akwai wani jami'i dogo, mai son kilishi, mutumin kirki. Ba sau ɗaya ba ya ce min, "Garba, kawo littafin nan in buga maka."

In ce, "Haba, ni da kai? Sai ka ce baƙo."

Ya ce, "Bugun yana da ranarsa fa."

In ce, "Ajiye tawadarka ga waɗanda ba a sani ba."

In koma mota ina hura hanci, ina nuna wa yaran mota cewa ni fuskata ce fasfona. To ranar ta zo, mutumin nan ya daɗe da barin aiki, ban ma san ko yana raye ba, fuskar kuwa ta tattare. Duk ƙurar da na sha, duk tayar da na taya canzawa a dajin Allah, babu ɗigon tawada ɗaya da zai ce an yi.

Saboda haka duk inda kika taka ƙasar wasu, ki miƙa fasfo a buga miki, shiga da fita. Kada ki bar gaban teburin sai kin buɗe kin gani da idonki, don wani zai buga a karkace, wani tawadarsa ta bushe, wani hira ta ɗauke masa hankali. Kin tuna bikin 'yar gwaggonki a Damagaram, da na tsayar da mota a kan iyaka na ce sai kin sauka an buga miki, da zuwa da dawowa? Matan cikin motar nan ba abin da ba su kira ni ba. Gwaggonki ta leƙo ta taga tana cewa, "Yaya, amarya za ta yi furfura kafin mu isa." Ke ma kina ta kumbure-kumbure. To buɗe fasfon yanzu, suna nan su biyu, ɗaya kusa da ɗaya. Ki gaya wa gwaggonki ina jiran ban-haƙuri.

Na biyu, shi ne ciwon da kuka ce kada a taɓo. Ai na taɓa mallakar fasfo mai hatimi. A filin jirgi ba a san fuskar kowa ba, dole aka buga min lokacin da na je Makka, aka sake bugawa da na koma Umra. Har na Kumasi akwai guda, don ranar wani sabon jami'i na tarar wanda bai san ni ba, muka yi ta cacar baki, ya buga da ƙarfi don ya ba ni haushi. Allah ya saka masa da alheri, ashe shi kaɗai ne ya so ni. Da wa'adin fasfon ya ƙare na karɓo sabo, sai na dubi tsohon na ga Larabci shafi bayan shafi. Ni ban yi karatu ba, amma an tarbiyyantar da ni cewa takarda mai Larabci ba a yar da ita, ba a barinta inda ƙafa za ta taka ko akuya ta tauna. Na ɗauka da hannuna na kai wa Malam Ɗahiru. Ya sa tabarau, ya duba, ya ce, "Alhaji, wannan ai ba aya ba ce. Sunanka ne da ranar da ka shiga da ranar da ka fita."

Na ce, "Malam, Larabci ne ko ba Larabci ba ne?"

Ya ce, "Larabci ne."

Na ce, "To binne."

Ya ce, "Ka dai ajiye, ba ya cin abinci."

Na ce, "Malam, ban zo neman fatawa ba."

Ya haɗa shi da yagaggun warƙoƙi ya binne bayan makaranta, na tsaya har aka mayar da ƙasa, na taho gida ina jin na yi aikin lada. Har yau ina ganin laifinsa. Shi da yake malami kamata ya yi ya fi ni taurin kai. Da aka hana ni biza na koma na ce ya nuna min wurin in tona, sai na tarar an ɗora ɗaki a kai, har da siminti. Ya ce, "Alhaji, in ka amince za ka gina mana wani, sai a rushe." Muna gaisawa dai har yanzu.

Ba ina cewa girmama rubutu laifi ba ne, Allah ya bar mu a kai. Ina cewa ne in mai karatu ya karanta miki abu ya ce ga abin da ke ciki, ki saurara. Kuma fasfo ba ya mutuwa. Wa'adinsa ne ke ƙarewa, shaidarsa tana nan. Ki haɗa tsohon da sabon ki ɗaure da roba, tare za su shiga ofishin nan. Kafin ranar ki je a yi miki fotokwafin kowane shafi mai hatimi, da shafin hotonki, da bizar Umra, ki tabbata ranakun sun fito raɗau, ba wanda za a ce sai an sa tabarau ba. Na ga hatimin Ghana ma yana ciki, na kwas ɗin da asibitinku ya tura ki. In takardar da suka ba ki a ƙarshen kwas ɗin tana hannunki, ki haɗa. Guntayen tikitin jirgi da kike cusawa a aljihun jaka, in akwai wanda ya tsira, shi ma ki haɗa. Hotunan da kika ɗauka gaban Ka'aba ki bar su a waya, na nuna wa 'yan uwa ne. Kwafi ɗaya kuma ki aiko min da shi nan, in sa a aljihun rigar Sallah. An dai ga amfanin aljihun.

Na uku, ejan. Innarki ta ce in sassauta a nan, na ce ta rubuta. Lokacin da mijin yayarki ya gama karatunsa suka aiko min da takardar gayyata, aka haɗa ni da wani mai cike fom, mai ƙamshin turare da takalmi mai tsini. Ya ce in lissafa masa ƙasashen da na je, na lissafa, ya rubuta. Bai tambaye ni ina shaida ba, ni ma ban ce ya karanta min abin da ya rubuta ba, don kada ya gane ban iya karatu ba, alhali ya gani tun daga yadda na riƙe biro. Ashe da ya gama da nawa sai ya ƙara Dubai daga aljihunsa, wai don fom ya yi nauyi. Shi ne kuma ya ce in cire babbar riga in sa kwat, wai sun fi ganin mutuncin mai kwat. Na ari ta wani, hannun ya tsaya min a nan, rabin dantse. Ki yi tunanin ubanki.

Ke kin yi karatu, ba ki da uzurin da nake da shi. Duk abin da za ki sa wa hannu ki karanta shi tun daga sama har ƙasa, ranakun da aka rubuta su zo daidai da na cikin fasfo. Wannan ejan da ya ce zai samo miki hatimai, ki gaishe shi, ki ce mahaifinki ya gode, kada ki sake taka ƙofarsa. Wanda aka hana don shaidarsa ta yi kaɗan yana iya komawa. Wanda aka kama da hatimin ƙarya kuwa ya rufe wa kansa ƙofa, wataƙila har ya jawo wa wadda ta gayyace shi. Shi ejan zai koma gidansa ya ci tuwo, yayarki ce za ta haihu ita kaɗai. Ƙasa uku kika je, ki ce uku. In ma akwai inda kika je ba a buga miki ba, kada ki ɓoye, ki faɗa ki yi bayani a taƙaice. Kuma ki sa kayanki da kika saba, ki yafa mayafinki.

Yanzu ga ranar kanta. Aka kira ni gaban gilashi, wata mata tana zaune a ciki, ga tafinta, wani Bakano mai ladabi. Ta juya fom, ta juya fasfona, sabo ƙal, ko ƙuda bai taɓa sauka a kai ba. Tafinta ya ce, "Baba, ta ce an rubuta ka je ƙasashe da yawa, amma fasfon ba komai. Ina tsohon?"

Na ce, "Ka ce mata na binne shi."

Ya ce, "Baba, haka zan faɗa?"

Na ce, "Da me za ka faɗa?"

Ya faɗa. Ta ɗaga gira, ta ce ko akwai wata shaida. Sai na ce a raina, to ga ranar haƙori. Na matsa jikin gilashin, na buɗe baki, na ɗora yatsa a kan haƙorin Makka, na ce, "Ka ce mata a can aka sa min shi. Duk Bauchi wanda ya ga wannan ya san inda na je, ba ya ma tambaya."

Ta rufe baki da hannu. Tafinta ya dubi ƙasa, kafaɗunsa suna rawa. Can ya ce, "Ta ce haƙorin ya yi kyau, Baba, amma ba za ta iya sa shi cikin fayil ba." Sannan ta tambayi yaushe na je Dubai. Na ce, "Wace Dubai? Ni ban taɓa zuwa ba." Ta dubi fom, ta dube ni, ta daina dariya. Daga nan ban ƙara jin wata tambaya mai tsawo ba.

Na yi shekaru ina cewa matar nan ta raina ni. Innarki ta tsayar da biro ta ce in faɗi gaskiya tunda wa 'yata nake rubutawa. To, ba ta raina ni ba. Ba ta san ni ba ne, kuma ban ba ta abin da za ta san ni da shi ba. A nan Ƙofar Dumi in baƙo ya zo neman hayar shago, tambaya muke yi, ɗan gidan wa ne, wa ya san shi, a ina ya zauna a da, ya rabu da su lafiya? Su can ba su da wanda za su tambaya sai hatimi. Abu ɗaya take so ta sani: mutumin nan in ya shiga zai fita? Hatimin shiga da na fita su ne maƙwabtan da za su ce, ya zauna da mu, ya tafi a kan lokaci, bai bar rigima ba. Ni na je mata ba maƙwabci ko ɗaya, ga kwat ɗin aro, ga Dubai da ban sani ba. Ko ni ne a bayan gilashin da na yi shakka. Amma da ta bar dariyar.

Don haka in an tambaye ki, ki amsa abin da aka tambaya ki yi shiru. Kada ki ɗauko tarihin kakanni kamar yadda na so in yi. Ki nuna musu takardar asibitinku da ta ce an ba ki hutu kuma ana jiran ki, ki gaya musu kin bar miji da yara a Bauchi. In maganata ta taso, ki ce e, an taɓa hana mahaifina. Ba abin kunya ba ne, duk Muda Lawal an sani. Alhaji Bala mai shinkafa, maƙwabcin rumfata, shi ya ɗauki nauyin yaɗawa. Har gobe in ya ga na yi hamma sai ya ce, "Jama'a ku matso, Alhaji Garba ya buɗe biza." Mutumin da in mota ta wuce Darazo sai ya fara neman ledar amai. Sau biyu tak ya taɓa fita ƙasar nan, duka a jirgi, amma da yake matsoraci ne ya adana kowace takarda, aka ba shi biza ya je ya ga ɗansa, ya dawo da hular sanyi yana sawa a watan zafi. Ina jin haushinsa, amma a wannan kam ki yi koyi da shi, kada ki gaya masa na faɗa.

Akwai wani kuskuren da ya fi waɗannan, shi ba dariya a ciki. Da na dawo daga Abuja na ɗora wa yayarki da mijinta laifi, na ce takardar gayyatarsu ce ba ta da ƙarfi. Ta yi ta kira ina cewa a ce ina masallaci. Takardar da aka ba ni mai bayanin dalilin hanawa kuwa ban bari kowa ya karanta min ba sai da aka yi damina biyu. Da aka karanta, babu sunanta a ciki, nawa ne daga farko har ƙarshe. Yarinya tana can cikin sanyi ta gyara min ɗaki, ta sayo min bargo, ni ina nan ina fushi da ita. Kin san 'yar fari ce, ban iya kiran sunanta ba balle in ce ta yafe min. Da muka koma gaisawa sai na tambaye ta ko ana samun wake a can, ta ce ana samu, amma ba kamar nawa ba. A haka muka shirya.

In Allah ya ƙaddara aka hana ki, ba na fata, kada ki yi irin nawa. Ki fara kiran yayarki kafin kowa, ki karanta takardar a ranar, ki ga abin da ya rage, ki gyara ki koma. Fushi bai taɓa buga wa kowa hatimi ba, na gwada.

In kuwa aka ba ki, kuma jikina yana ba ni za a ba ki, to ki riƙe wannan da kyau. Ranar da aka ce ki fito, ki fito kafin ta. Yayarki za ta yi kuka, jaririn zai fara gane ki, za a ce ki ƙara ko mako ɗaya ne. Kada ki ƙara. Shigarki ta yayarki ce, fitarki kuwa tamu ce, don mutanen nan suna duba ko 'yan gida ɗaya suna cika alkawari. Akwai masu zuwa bayanki.

Kin ji na ce masu zuwa. To bari in gaya miki, tunda innarki ma yanzu take ji, ga ta nan ta saki baki. Ni ban haƙura ba. Na je an sabunta min fasfona. Da an gama girbin wake zan ɗauki innarki mu tafi Damagaram gaida gwaggonki, in sa ta a gidan gaba saboda gwiwa. A kan iyaka zan sauka in bi layi a rana kamar sabon shiga, in miƙa nawa da nata, in ce a buga, kuma ba zan gusa ba sai na ga tawada. In mun huta mu leƙa Garwa. In Allah ya hore mu koma Umra. Na yi yawon duniya ba shaida, yanzu zan sake shi da shaida, ko da sanda ne. Ta ce wai tsufa ya fara taɓa ni. Na ce ta rubuta hakan ma, don a tuna mata ranar da za ta hau jirgi.

Na sa miki ɗan ƙullin dabino a ƙasan ledar, da kanwa 'yar kaɗan. Ki tambaya tukuna ko suna bari a shiga da su, in ba sa bari ki bar wa masu masaukinki, kada a tsayar da ke saboda kunu. In kin isa, ki ɗauki abin da aka haifa da hannu biyu, ki ƙanƙame shi sau ɗaya a madadina. Uwarsa kuwa ki ce mata kada ta bayar da bargon nan. Ki ce mai shi yana hanya, yana tafe ne hatimi bayan hatimi.

Innarki ta juya baya tana goge ido, wai biron ne ke ba ta wahala. Bari in tsaya haka.

Allah ya sa ki shiga ofishin nan da ƙafar dama, ya sanyaya zuciyar wanda zai duba takardunki. Allah ya tsare ki a sama da ƙasa, ya sauki yayarki lafiya, ya raya abin da za ta haifa. Ya kai ki lafiya, ya dawo min da ke lafiya a kan lokaci, ki zo ki buɗe min shafin in ɗora yatsa a kai. Na yafe miki ɗan kunnen da kuka ce kuna nema. Allah ya yi miki albarka.

Wassalam.

Mahaifinki,
Alhaji Garba mai wake.